Buraima da Irin da Ya Shigo a Buta

Buraima taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata, don haka ina da izinin faɗar abin da na ga dama a kansa, ko da yake yanzu yana kwance a maƙabartar Agoè. Da ransa ma ban raga masa ba. Wanda ya ga tsiyar ta yi yawa, ya sani da yana nan sai ya rama har ya ƙara.

A tsohon Zongo, wanda yake tsakiyar Lome kafin a tashe mu, Buraima mai masauki ne. Fatake masu shanu in sun gangaro daga arewa, Zabarmawa da Fulani da mutanen Dori, gidansa suke sauka. Ya ba su ɗaki, matarsa Kadidja ta ba su tuwo, da safe ya raka su kara, kasuwar shanu, ya tsaya tsakaninsu da mahauta. Ba shi da saniya ko ɗaya tasa ta kansa. Boko bai yi ba, allon ma bai yi nisa ba. Jarinsa duka magana ɗaya ce: "Na lamunce." In ya zagaya bijimi, ya ɗaga leɓensa, ya duba ido, ya dafa ƙugu, ya ce ya lamunce, to mahauci ba ya sake tambaya, baƙo ma haka.

Masu wannan sana'a suna da wata al'ada da yaran yanzu ba su sani ba. Wani lokaci a yanka dabbar da aka lamunce, a buɗe ciki a tarar huhu ya lalace ko tsutsa ta cinye hanta. Mai masaukin kirki ba ya jira a aiko masa. Da labari ya shiga kunnensa sai ya ɗauki hula ya tafi mayanka da ƙafarsa, ya tsaya gaban mahaucin ya ce, "Ga ni." Yadda za a daidaita, wannan daga baya ne, zuwan shi ne magana. Na sha ganin Buraima ya bar abinci a kwano ya yi irin wannan fitar.

"Ɗan kawu," in ce masa, "saniyar nan ta riga ta mutu, ba guduwa za ta yi ba. Ƙarasa tuwonka."

"Ke koko kike sayarwa, Assana. In ya yi tsami sai ki ce haka ake yayi."

A shekarar saba'in da bakwai aka ce Zongo ya tsufa, ya tare wa birni fuska. Aka zo da motocin rusau, aka kwashe mu zuwa Agoè, can arewa da gari, inda a lokacin babu komai sai ciyawa da gonakin mutanen Ewe da sauro mai ƙiba. Kowace tsohuwa a Zongo tana da nata labarin wannan rana, nawa bai fi na kowa ba, don haka na bar shi. Abin da ya shafi Buraima shi ne gidan da fatake suka sani ya tafi. Kafin ya tayar da 'yan ɗakunan kwano, baƙinsa sun sami wasu masaukai wurin samari masu jin Faransanci. Shanun ma suka koma zuwa a mota, direba ya sauke ya juya a ranar, ba ya neman ɗaki balle tuwo. Mutum ya doshi sittin, yana zaune a ƙofar gida da tasbaha, masu wucewa suna ce masa "Baba" maimakon "Mai gida". Kadidja ta ce mini ba rashin cefane ne ya fi damunta ba; abin da ya fi damunta, an daina ƙwala masa kira daga waje da sassafe.

A daidai lokacin nan gwamnati ta kamu da son noma. Jam'iyya ɗaya ce tal a ƙasar, in ta so abu kuwa kowa ya so shi. Rediyo safe da yamma: ƙasa ta ci da kanta, kowa ya riƙe fartanya. Har rawa aka yi wa masara a filin taro, 'yan mata da atamfa iri ɗaya. Cikin shelar da ta iso mana har da cewa kada kowa ya shigo da irin shuka daga wata ƙasa sai da izinin hukuma, wanda aka kama a bakin iyaka a ƙwace.

Aka turo mana wani malamin gona, siriri, da takalmin roba har gwiwa, ya tara mu a gaban masallaci. Ya yi bayani aka fassara mana tsaf, ba abin da ya ɓace a hanya. Ya ce akwai wata masara da ake haɗawa a ƙasashen waje daga iyaye biyu daban. Shekarar farko tana ba da mamaki, amma 'ya'yanta ba sa gado ta, kowace damina sai an koma wurin wanda ya haɗa an sayo sabuwa. Ya ce kuma iska tana ɗaukar ƙurar furenta ta kai gonar maƙwabci. Wani tsohon Bazabarme ya ce, "Alfadari ke nan, ga ƙarfi ba zuriya." Malamin ya ce kusan haka. Aka gyaɗa kai, aka tafa masa, don a zamanin ana tafa wa duk wanda ya zo da motar gwamnati.

Ba wanda ya yarda. Ku tuna da su wa ake magana. Mu mutanen bakin iyaka ne, Aflao ta Ghana tana nan inda titin Lome ya ƙare, kuma tun muna yara mun san cewa duk abin da hukuma ta hana shigowa da shi, shi ne mai kyau. Atamfa mai kyau, sabulu mai kyau, batir mai daɗewa, duk ta bayan 'yan duwan masu tsaron iyaka suke zuwa. Ga shi kuma bakin da ya ce kada mu shigo da iri, shi ne ya ce mana za mu ji daɗin Agoè.

Buraima kuwa da nasa hankalin, na kara. "Assana, tun ina saurayi nake duba dabba. Bijimi mai kyau, ɗansa mai kyau ne. Yaushe aka fara haihuwar abin da bai ɗauko ubansa ba?"

"Ranar da aka haife ka," na ce. "Kawu mutum ne mai hankali."

Wani direban babbar mota, Seydou, shi ya ba shi labarin wata gona a Ghana inda ya ga masara rawaya, goyonta kamar damtsen ƙato. Ya ce zai sa a ajiye masa iri a Aflao, amma shi ba zai tsallako da shi ba, motarsa ce abincinsa. Buraima ya zo wurina, don ya san nakan tsallaka. Na ce ni atamfa nake naɗawa a ƙugu, in na naɗa masara za a ce tsohuwa ta yi ciki. Sai ya tafi da kansa. Ya ɗauki butocin alwala biyu ya cika su da iri, ya rataya tasbaha a wuya, ya tako a hankali yana motsa leɓe. Wane ɗan duwan ne zai leƙa butar dattijo? Da ya iso gida ya zazzage a faifai, sai ga ƙwayoyi jajawur, an rina su da maganin ƙwari. Kadidja ta wanke butocin har ta gaji, jan bai fita ba, ta jefar.

"Malam," ta ce, "masara dai ka samu. Alwala kuma sai ka riƙa aron buta a maƙwabta."

Gonar aro ya yi wurin wata tsohuwa 'yar Ewe, Dada Afiwa, wadda danginta suke noma wurin tun kafin mu san akwai Agoè. Ta yanka masa gefe a jikin gonarta. Ba ta tambaye shi abin da zai shuka ba, don a wurinta masara ɗaya ce, fara, 'yar ƙarama. Buraima bai taɓa riƙe fartanya ba, tafinsa ya yi bororo ya fashe ya sake yi. Ya riƙa kwaso kashin shanu daga kara a buhu yana zubawa, abin da ya sani ke nan game da gona, kuma ashe ba ƙaramin sani ba ne.

Abin haushi, masarar ta yi. Ta yi har ta ba ni kunya, don na riga na gaya wa rabin Zongo ciyawa zai girba. Karan duka tsayi ɗaya kamar sojoji a fareti, kowanne da goyo mai nauyi. Mutane suka riƙa zuwa kallo bayan la'asar. Buraima ya fito da babbar rigarsa ta shuɗi daga akwati, yana tsayawa a bakin gona yana amsa gaisuwa. "Mai gida, sannu da aiki." Sunan ya dawo.

A wurinmu ba a sayar da iri. Can arewa inda kakanninmu suka fito roƙonsa ake yi, a zuba maka, ka karɓa da hannu biyu ka yi addu'a. Buraima ya zaɓi manyan goyo yadda yake zaɓar bijimi, ya rataye su a madafi hayaƙi ya kama su. Da damina ta matso ya murje, ya kai ƙofar masallaci ranar Juma'a. Kowa ya tara hula ko bakin riga. Sabitu mahauci, wanda ya daɗe yana sayen shanu a bakin Buraima, ya ɗan tsaya.

"Mai gida, malamin nan na gwamnati fa ya ce ba ta gado."

Buraima ya dube shi, ya faɗi maganar da ya daɗe bai sami wurin faɗa ba. "Na lamunce."

Ina gefen hanya ina suyar ƙosai, na ga fuskarsa a lokacin. Ranar ban yi masa tsiya ba.

Zongo duka ya shuka: bayan gida, gefen rijiya, filin da aka ware wa makaranta ba a gina ba, da gonakin aro a tsakanin na Ewe. Mutanen da ba su taɓa noma ba suka sa rai za su huta da awo.

Ta tsiro lafiya. Sai da ta kai gwiwa aka fara ganin abin. Wannan dogo, wannan gajere, wancan siriri kamar ya tashi daga jinya. Da lokacin goyo ya yi, wani karan ba komai, wani ɗan mitsitsi, in ka ɓare ka ga ƙwaya nan da can kamar haƙoran da suka rage a bakina. Ba a ce ba a sami komai ba. An samu, amma bai kai abin da matan Ewe suke samu da 'yar masararsu da ba a taɓa yi wa rawa ba. Wanda aka adana kuma ƙwari suka shige shi nan da nan, don ɓawon bai rufe kan goyon ba.

Buraima bai jira an aiko ba. Ya ɗauki hula ya bi gida gida yana cewa, "Ga ni." To amma a mayanka in ka ce ga ni, akwai abin yi, a raba asara ko a kawo wata dabba. A nan me zai kawo? Damina ta wuce. Da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi. Sai suka riƙa shimfiɗa masa tabarma suna kawo ruwa. "Haba Baba, ba komai, ai kai ba manomi ba ne." Wata ta ce masa, "Tsufa ne, Baba, kowa zai je." Ya dawo ya zauna a bencina, na zuba masa koko bai taɓa ba.

"Ba wanda ya riƙe ni da laifi," ya ce.

"To ka gode Allah mana."

"Assana, wa ake yafe wa tun bai buɗe baki ba? Yaro ne da wanda ya ruɗe."

Dada Afiwa ce ta riƙe shi. Ta zo da hantsi da kwando a ka, ta sauke a ƙofar gidansa. Yaren Ewe na Buraima na ciniki ne, bai wuce "nawa" da "rage" ba, sai aka kira ni in fassara. Ta ɗauko goyo ta ɓare. Farar masararta ce, amma kamar an yayyafa mata rawaya, ƙwaya nan ƙwaya can. Ta ɓare wani, haka. Ta ce bara ta ga kaɗan a layin da ke kusa da nasa, ta tsince ta yi shiru, don baƙo ne kuma an rushe masa gida. Bana kuwa duk inda ta juya Zongo ya kewaye ta da rawaya. Ta ce wannan iri a hannun uwar mijinta ta karɓe shi, ita ma a hannun tata uwar mijin. Da farin garinsa ake dama ruwan da suke zuba wa kakanninsu a ƙasa, kuma ba a zuba musu mai launi.

"Tambaye shi," ta ce, "wa ya ba masararsa izinin shiga gonata."

Na fassara, na ƙara gishiri kaɗan, don hakkina ne. Buraima ya karɓi goyon yana juya shi a hannu. Ban taɓa ganin wanda aka kawo wa ƙara har gida ya sami sauƙi a fuska irin haka ba.

"Ce mata ga ni. Me ake yi?"

Ta ce a tsince rawayar ƙwaya ɗaya ɗaya daga abin da za ta ajiye na iri, don wadda iska ta taɓa ita ce ta sauya launi, farar tana nan yadda take. Sannan kada a sake shuka rawaya kusa da ita, in an sake aikin banza aka yi.

Tsintar ido da haƙuri kawai take ci. Kullum in ya karya kumallo sai ya tafi gidanta, ya zauna gindin mangwaro da faifai a cinya, matan gidan suna ƙunshe dariya, ga dattijon Zongo da gemu yana aikin mata. Magana ta kai kunnen Liman cewa Buraima yana gyara masarar da za a yi wa tsafi hidima da ita. Liman ya ja shi gefe.

"Allah gafarta Malam," in ji Buraima, "wanda za ta zuba wa, wannan tsakaninta da Mahaliccinta. Ni abin da na ɓata nake gyarawa. In akwai littafin da ya ce in bar mata shi a ɓace, a karanta mini."

Liman ya ce bai san da shi ba, ya ce masa ya dai riƙa dawowa kafin azahar.

Hana sake shukar ita ce wuyar. Kusan kowane gida ya rataye ɗan goyo a madafi, wai ƙila taki ne ya yi kaɗan, a sake gwadawa. Dole Buraima ya roƙi jama'a su fito da shi, kuma ba shi da abin roƙo sai bakin nan da ya ce ya lamunce. Kadidja ta ce ya bar Liman ya faɗa. Ni na ce ya kira malamin gona ya zo da jandarma, yini ɗaya an gama. Ya ce in jandarma ya zo, madafin matan mutane zai shiga yana bincike. An shiga gidajen Zongo sau ɗaya, ya isa.

Na daɗe ina tunanin dokar nan. Malamin gona gaskiya ya faɗa, ba ragi ba ƙari, kuma ban taɓa jin wanda ya koma ya ce masa ka yi gaskiya ba. Amma gwamnatin da ta saba ba da umarni ba ta iya neman yarda ba. Ta hana, ta tsayar da mai bindiga a bakin iyaka, ta ɗauka an gama. Iri kuwa ba buhun siminti ba ne, tafi ɗaya ya isa ya cika unguwa. Mu ba maganar rediyo muke bi ba, maganar wanda muka sani muke bi, shi ya sa kuskuren mutum ɗaya ya zama na kowa.

Ranar Juma'a bayan an sallame Buraima ya miƙe a ƙofar masallaci.

"Jama'a, na tsaya a nan na ce na lamunce. Shanu na sani, masara ban san ta ba, na faɗi abin da ban sani ba. Matar da ta ba mu aron ƙasa muna ɓata mata iri, kuma ni na kawo. Wanda yake da rawaya a rataye, ina roƙo ya kawo mini gida."

Sabitu ya ce, "In mun kawo, me za mu shuka?"

"Ta ce za ta ba kowa tafi ɗaya cikin wanda muka tsince."

"Ka lamunce shi?"

"A'a."

Wani ya yi dariya daga baya. Aka watse, ba wanda ya ce masa ga abin da zai yi.

Washegari ya zauna a ƙofar gida da buhu a buɗe a gefensa. Ni ma na jawo tukunyata kusa, na ce inuwar nan ta fi. Har rana ta faɗi ba wanda ya zo, buhun na nan baki buɗe kamar mai shi. Sai kashegarin ranar matar Liman ta ɓullo da ɗan ƙulli a mayafi, ta jefa, ta gaishe shi ta wuce. Daga nan mata suka fara zuwa, don madafi nasu ne, kuma sun ɗanɗana tuwon rawayar nan sun san ba abin riƙewa ba ne. Mazan suka biyo baya a hankali, kowa yana yi kamar hanya ce ta biyo da shi. Sabitu ya zo, ya zuba nasa, ya tsaya yana kallon buhun.

"Ka sa na yi noman banza, Mai gida," ya ce. "Bayana har yau bai miƙe ba."

"Na sa ka," in ji Buraima.

Suka yi musafaha, Sabitu ya tafi yana mita har ya sha kwana.

Ba kowa ne ya kawo ba. Akwai gidajen da suka ci gaba da shuka rawayar a ɓoye a bayan katanga, sun rantse wata rana za ta tuna ubanta. Abin da aka tara ni aka kawo wa, na jiƙa na niƙa na yi koko, masu saye suka gudu, Buraima ya shanye shi safiya bayan safiya yana cewa hannuna ne ya lalace.

Saboda waɗancan gidajen, kowace kaka Dada Afiwa takan sami 'yan ƙwayoyi masu launi, kuma kowace kaka Buraima yakan ɗauki hula ya tafi gindin mangwaro ba tare da an aiko ba. Bai sake noman kansa ba. Haka suka yi shekaru, shi bai ƙara Ewe ba, ita ba ta koyi Hausa ba, suna zaune kowa da faifansa.

A kakarsa ta ƙarshe yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya tafi kamar kullum. Tun da hantsi sai ga shi ya dawo yana dogara sanda, ya zauna a bencina yana murmushi shi kaɗai. Na tambaye shi lafiya. Ya ce Dada ta karɓi faifansa ta duba, ta kira jikarta mai jin Hausa ta ce a gaya masa idonsa ya mutu, rawaya yake mayar mata cikin fara, ya tashi ya ba ta wuri kafin ya sake ɓata mata iri.

"Ko tabarma ba ta ce in koma in huta ba," ya ce. "Kora ta yi."

"Ta yi jinkiri," na ce.

Ya miƙo kofi, na zuba masa.